Gwajin ADHD a Ingila: Layin NHS, Right to Choose, Ko Asibitin Kuɗi?

Bayan sallar Juma'a a makon jiya wani ɗan'uwa ya ja ni gefe a wurin ajiye takalma ya nuna mini wayarsa. Makarantar ɗansa ce ta kira su. Malamar ajin ta ce yaron ba ya iya zama a kujera, aikin minti 10 sai ya cinye masa darasi guda, ta ba su shawara a duba ko yana da ADHD, wato lalurar rashin natsuwa da yawan motsi. Shi kuwa bai yi wata-wata ba ya shiga intanet, ya samo wani asibitin kuɗi da ke alkawarin gama komai cikin mako 2. Yatsansa na kan wurin biya. Na ce masa, Malam, mayar da wayar nan aljihu tukuna, mu je mu sha shayi.

Ni na riga na danna wannan wurin shekara 2 da suka wuce, a kan kaina, ina da shekara 39. Ban yi nadamar gwajin ba. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne kuɗin gwajin somin taɓi ne kawai.

A gida sunan abin ƙiriniya ne ko rashin ji, maganinsa kuma bulala. Babba idan yana da shi sai a ce shiririta ta yi masa yawa. Likitoci suna kallonsa a matsayin lalura ta yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe natsuwa da danne gaggawa, kuma hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, ta ƙiyasta kusan kashi 5 cikin 100 na yara suna da ita, manya kuma kashi 3 zuwa 4. Tafiyar neman magani hawa uku ce. Akwai gwajin da ƙwararre zai tabbatar ko lalurar ce. Akwai watannin daidaita awon magani, inda ake farawa da kaɗan ana ƙarawa ana lura da jiki. Sai kuma rubuta maganin kowane wata, shekara da shekaru. Tallan asibitocin kuɗi a kan hawa na farko yake tsayawa, alhali na uku ne ke karya mutane.

Layin NHS na yankinka, wato na asibitocin gwamnati, shi ne hanyar da kowa ya sani. GP, wato likitan asibitin unguwarku, ya tura sunanka, ka jira. Ganin likita kyauta ne daga farko har ƙarshe, kuma babu likitan da zai tsaya yana tantamar sakamakonsa. Matsalarsa guda ce, amma ta ishi mutum. Binciken BBC na watan Yulin 2024 ya gano manya aƙalla 196,000 a kan layi, a wurare da dama kuma za a shekara 8 ko fiye kafin a gama da waɗanda suka riga suka shiga. A 2025 hukumar NHS ta Ingila da kanta ta ce masu jiran gwajin suna iya kai 549,000. Yaron da aka saka a layi yana aji uku na firamare yana iya shiga sakandare ba a kira shi ba. Sai dai yankuna sun bambanta ƙwarai, layin yara a wasu wuraren bai kai na manya muni ba, don haka kafin ka yanke ƙauna ka tambayi GP tsawon jiran yankinku a yau.

Hanya ta biyu ita ce mutanenmu da yawa ba su taɓa jin sunanta ba: Right to Choose. Tun 2014 haƙƙin majiyyaci na zaɓar inda za a tura shi ya haɗa da ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a Ingila. Idan GP ya yarda kana buƙatar gwaji, kana iya cewa a tura ka ga duk wani asibiti mai kwangilar wannan aiki da NHS, ko da kamfani ne mai zaman kansa a wani gari. NHS ce ke biya. Yawanci ta bidiyo ake ganawar, jiran kuma watanni ne, wani lokaci ya haura shekara, amma bai kai na layin yanki ba. Wanda ya biya harajin lafiya a kan bizarsa, fam 1,035 a shekara ga babba ko fam 776 ga ɗalibi da yaro, ya riga ya sayi wannan haƙƙin. Ma'aikatan jinya da na kula da tsofaffi da aka yafe wa harajin su ma suna ciki. Abin buƙata shi ne rajista da GP a Ingila. Mazauna Sikotlan, Wales da Ailan ta Arewa ba su da wannan tsarin.

Ita ma tana da nata ramukan. Wasu kamfanonin gwaji kawai suke yi, ba sa fara magani, sai ka fito da takarda a hannu ka sake neman wani layi. Waɗanda ke yin duka biyun kuma sau da yawa layin fara magani daban yake da layin gwaji, sai ka gama murnar an kira ka, a ce maka ka jira wasu watanni. Daga 2025 hukumomin lafiya na wasu yankuna sun fara ƙayyade yawan mutanen da za su biya wa a shekara, abin da ya ƙara tsawon jira a can. Kamfanonin da ke karɓar yara kuma ba su kai masu karɓar manya yawa ba. Duk da haka, in da zan sake daga farko, ta nan zan bi.

Ni ta asibitin kuɗi na bi, saboda a lokacin aikina na rawa. Na manta da taro biyu a mako guda, shugabata ta fara rubuta mini wasiƙu masu kwanan wata. Farashin gwajin babba da na gani a wurare daban-daban ya kama daga wajen fam 500 zuwa 1,200, na yara ya fi tsada saboda sai an haɗa da bayanin makaranta. Na biya fam 850, cikin kwana 12 aka gan ni.

Kafin ranar suka aiko da takardu, ciki har da wadda wani da ya san ni tun ina yaro zai cike, domin ƙa'ida ce alamun su kasance sun bayyana kafin shekara 12, kuma a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Turawa sukan zaro rahoton firamare daga akwati. Nawa rahoton gara ta cinye shi a Zariya tun kafin in yi aure. Na kira Hajiya. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kira, balle ta zauna ta lissafa halina ga wani baƙo. Na karanta mata tambaya ta farko da Hausa, ko yaron yana yawan ɓatar da kayansa. Ta ce, duk yara haka suke, Allah ya shirya. Tambaya ta biyu ma haka. A ta uku ta tambaye ni ko lafiya nake, ko wani abu ne ya same ni a ƙasar mutane. Sai na koma wajen Yaya, wadda ita ce ke raka ni makaranta. Ita kam ba ta rage komai ba: takalmin makaranta ƙafa huɗu a zango guda, allon da na bari a gindin mangwaro, ranar da Malam ya ɗaure ni da rawaninsa a jikin benci. Muka yi dariya har ta ce cikinta ya ƙulle, daga baya muka yi shiru. Wanda ya girma a gida ya nemi irin wannan mai shaidar tun da wuri, kowace hanya zai bi, kuma ya gaya wa likitan a fili cewa babu rahoton makaranta da dalilin rashinsa.

Maganar ingancin gwaji ba ƙarama ba ce. A watan Mayun 2023 shirin Panorama na BBC ya nuna ɗan jaridarsu ya je asibitocin kuɗi guda 3, duk suka ce yana da ADHD, likitan NHS kuma bayan doguwar ganawa ya ce ba shi da ita. An soki shirin, masu lalurar da yawa sun ga an shafa musu kashin kaji, amma tun daga lokacin GP da yawa suka ƙara ɗari-ɗari da takardun asibitocin kuɗi. Ƙa'idar NICE mai lamba NG87, ta 2018, ta ce ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ko na yara ko wani ma'aikacin lafiya mai horo a fannin ne zai yanke hukunci, kuma ba a yanke shi da takardar tambayoyi kaɗai. Tawa ganawar ta kusa awa 2. An tambaye ni barci, damuwa, shaye-shaye, tarihin gidanmu, domin rashin barci da ciwon damuwa duk suna iya sa mutum ya kasa natsuwa. In aka gama da kai cikin minti 40 aka miƙo maka sunan magani, ka sayi takardar da wataƙila babu mai karɓarta. Ka duba asibitin yana da rajista da CQC, hukumar da ke sa ido a kan asibitoci, ka nemi sunan wanda zai gan ka ka duba shi a rajistar GMC in likita ne, ko NMC in ma'aikacin jinya ne. Minti 5 ne a waya.

Yanzu ga inda kuɗin yake zuba. Magungunan nan ba kamar farasitamol ba ne da za a ce babba 2 yaro 1. Girman jiki ba ya nuna awon da zai yi wa mutum daidai, wani ƙato ƙaramin awo ya ishe shi, wata siririya sai an kai ta sama. Shi ya sa ake hawa a hankali. Ga yaro daga shekara 5, methylphenidate ake fara ba shi, kuma sai an gwada gyare-gyare a gida da makaranta an ga matsalar ba ta kau ba. In an yi mako 6 a kan awon da ya dace ba a ga amfani sosai ba, a duba lisdexamfetamine. Babba ana iya fara shi da kowanne cikin biyun. Methylphenidate yana da mai saurin ƙarewa, awa 3 zuwa 4, yana da mai dogon zango irin Concerta XL da ke zuwa a miligiram 18, 27, 36 da 54 yana aiki wajen awa 12, ko Medikinet XL da Equasym XL masu wajen awa 8. Lisdexamfetamine shi ne Elvanse, daga miligiram 20 zuwa 70. In duka biyun ba su karɓi mutum ba akwai atomoxetine, wanda sai ya yi makonni kafin a ji aikinsa, yara kuma akwai guanfacine.

An fara ni da Elvanse 30. Na sayi na'urar awon jini a kemis, kowace Lahadi in rubuta hawan jini, bugun zuciya, nauyi da awannin barci in tura. Mako na farko na zauna na cike takardun harajin da suka yi wata 7 a kan firji, a zama ɗaya, har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Amma abinci ya fita raina. Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, na yi loma 3 na ture, ranar sai da na yi bayani mai tsawo. Bakina kullum a bushe. Da aka kai ni 50, aiki ya yi kyau, sai dai jinina ya hau, da la'asar kuma in maganin ya fara saki sai in zama kamar an taka wutsiyar kare, yara su watse daga falo. Aka dawo da ni 40, aka ce in ci abu mai nauyi da safe kafin in sha, in rage kofi. Goron da nake ɓoyewa a mota ma sai da na haƙura da shi, domin sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa. Wata 4 aka yi kafin a ce na zauna daidai. Akan ce mako 8 zuwa 12, amma wanda aka sauya wa magani a tsakiya ya san zai wuce haka.

Hawan jini ba baƙo ba ne a gidajenmu, magungunan nan kuma suna ɗan ɗaga shi tare da bugun zuciya. Ƙa'ida ce a auna kafin a fara, a auna kafin da bayan kowane sauyin awo, daga nan duk wata 6. Za a tambaye ka ko wani na jini ya taɓa mutuwar fuju'a da ƙuruciya ta dalilin zuciya. Kada ka ce a'a don kawai a gida an ce ajali ne, ka kira ka bincika. Yara kuma ana bin tsayinsu da nauyinsu, ɗan shekara 10 zuwa ƙasa duk wata 3 ake auna nauyinsa.

A asibitin kuɗi kowane taki na wannan hawan da farashinsa. Ganawar bibiya, a wajena, fam 150. Rubuta takardar magani kuɗinta daban. Sai kemis ya caje ka ainihin kuɗin maganin, wanda a Elvanse ya kusa fam 100 a wata. Kuma da yake magunguna ne masu tsauraran dokoki, takardar kwana 28 take aiki, ba a kuma saba ba da fiye da na kwana 30 ba, don haka babu zancen sayen na wata 6 a huta. A wata 4 ɗin nan na kashe fiye da abin da na biya na gwajin. A NHS ko Right to Choose ganawar duk kyauta ce, maganin fam 9.90 ne kowane ɗaya, ko ka sayi takardar biyan shekara ta fam 114.50. Yaro ƙasa da shekara 16 ko sisi ba a biya masa, haka ɗan 16 zuwa 18 da ke karatu.

Na ɗauka da na daidaita shi ke nan, GP zai karɓi rubutun maganin in koma biyan fam 9.90. Tsarin da ake bi sunansa Shared Care: ƙwararre ya ci gaba da duba ka sau ɗaya a shekara, GP ya riƙa rubuta magani yana auna jini. Asibitin kuɗin suka aika wasiƙa. Bayan mako 3 saƙo ya shigo wayata, layi biyu, cewa asibitin unguwarmu ba ya shiga wannan yarjejeniya da asibitocin kuɗi. Na je da kaina. Matar da ke kan tebur ta juyo mini da allon kwamfutarta ta nuna mini manufar tasu, a rubuce a shafinsu tun kafin in biya ko fam ɗaya. Ban taɓa dubawa ba.

Ba su karya doka ba. Yarjejeniyar ta ganin dama ce, likitan da ya sa hannu a takardar magani shi ke ɗaukar alhakinta, kuma babu mai tilasta masa. Wasu suna karɓa, wasu suna karɓa in asibitin ya cika sharuɗɗansu, da yawa yanzu sun rufe ƙofar gaba ɗaya. Ko sun karɓa, duba na shekara-shekara a asibitin kuɗin yana nan a wuyanka, ranar da ka daina biya yarjejeniyar ta rushe. Ni sai da na ci gaba da biya daga aljihu wata 11, a lokaci guda na nemi GP ya tura ni ta Right to Choose, aka sake mini gwaji daga farko kamar ban taɓa yi ba. A wannan hanyar ma GP yana iya ƙin karɓa, bambancin shi ne wasu kamfanonin suna ci gaba da rubuta maka a kan kuɗin NHS. Wannan tambaya ce da za ka yi musu kafin ka ba GP sunansu.

To wa asibitin kuɗi ya dace da shi? Wanda aikinsa ko karatunsa ke gab da rushewa, wanda ya lissafa kuɗin shekara guda cur, gwaji da bibiya da magani, ya ga zai iya ba tare da ya taɓa kuɗin haya ko na sabunta biza ba, kuma ya samu amsar GP a rubuce kafin ya biya. Ya dace kuma da wanda ba magani yake nema ba, yana son ya san kansa ne ko ya samu takardar da zai kai wajen aiki a sassauta masa wasu abubuwa a ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010. Shi wannan hawa na farko kawai zai biya. Mazaunin Sikotlan ko Wales da ba shi da hanyar tsakiya, nasa zaɓin ya fi tsanani, tambayar GP kuma ta fi zama wajibi a kansa. In ka bi ta kuɗi, kada ka cire sunanka daga layin NHS.

Akwai abin da kuɗi ba ya saye. A watan Satumban 2023 aka fitar da sanarwar ƙarancin magungunan ADHD a faɗin ƙasar, aka ce wa likitoci su dakata da fara sababbin mutane a kan waɗanda suka yi ƙaranci. Mai takardar kuɗi da mai ta NHS duk kemis ɗaya suka riƙa zagayawa. In irin haka ta sake faruwa, kada ka yarda a musanya maka methylphenidate mai dogon zango da wani suna ba da sanin likita ba, domin yadda suke sakin maganin a jiki ya bambanta.

Abu biyu kuma da takardun asibitocin ba sa kawowa, mu kuwa sun shafe mu. Na farko azumi. Magani mai dogon zango na safe ne sau ɗaya a rana, in ka sha da sahur ƙarfe 3 na dare a azumin bazara zai sake ka tun rana na tsaka, in ka sha bayan buɗa-baki barci ya ƙaurace maka. Ga bushewar baki. Ka duba kalanda, in watannin daidaita awonka za su faɗa cikin Ramadan ka gaya wa mai duba ka tun farko, domin awon da aka gwada a kan mai azumi ba lallai ya zama na sauran watanni ba. Na biyu tafiya. In za ka gida hutu, ka bar maganin a kwalinsa mai sunanka, ka riƙe wasiƙar likita mai nuna awo da kwanakin tafiya. Umara da Hajji sun fi buƙatar shiri, Saudiyya tana da tsauri a kan wannan rukunin magunguna, ana neman izini tun kafin a tashi. Asibitocin kuɗi sukan caji kuɗin wasiƙar.

Ɗan'uwan nan nawa ya saurara har shayinsa ya huce. Na ce masa yaronsa ba sai ya jira takardar likita ba kafin makaranta ta taimaka masa. Kowace makarantar gwamnati tana da malamin da ke kula da yara masu buƙata ta musamman, SENCO suke ce masa. Ya nemi ganinsa, a matso da yaron gaban aji, a riƙa gutsura masa aiki, a bar shi ya miƙe ya motsa tsakanin darasi, a kuma rubuta abin da aka gani, domin duk hanyar da ya bi za a nemi wannan rubutun. Ya ce to maman yaron fa, ita tsoronta kada a mayar mata da ɗa ɗan ƙwaya. Na ce ta zo ganawar da kanta ta yi duk tambayar da ke ranta, ba a ba yaro magani sai da yardar iyaye, gwaji kuma bai wajabta shan komai ba.

Ranar Talata ya turo mini hoton shafin asibitin unguwarsu. Manufarsu iri ɗaya ce da ta namu, ba sa karɓar Shared Care daga asibitin kuɗi. A ƙasan hoton ya rubuta cewa sun ba shi ganin GP ranar 14 ga wata, ya kuma samo kamfani 2 da ke karɓar yara ta Right to Choose, ɗaya ya amsa masa cewa suna fara magani, ɗayan bai amsa ba tukuna.